Mariam Issoufou da ginin ƙasa

Da zarar mutum ya samu ɗan abin hannu sai ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora na bulo da kwano, bazara na shigowa kuma ya kwaso tabarma ya dawo tsakar gida. Da wannan ɗabi'a Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, take ta fama tun da ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Asali ma ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi aiki da shi, daga baya ta koma aji ta koyi zanen gini.

Aikin da ya fito da ita yana Dandaji, cikin jihar Tawa. Tsohon masallacin garin ya tsufa, har ana maganar rushe shi. Ginin kuwa na Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacin da ya gina a Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai cin mutum 1,000. Aka nemo magina daga cikin waɗanda suka yi aikin farko suka sa hannu a gyaran, aka gama a 2018.

Tubalin sabon masallacin daga jar ƙasar yankin aka yi shi. Ana ɗan zuba mata siminti, a jiƙa ta sama-sama, a matse a inji, a bari ta bushe ba tare da an gasa ba. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi.

A ganina, zanen ba shi ne mai wuyar ba. Wuyar tana wajen zama da dattawa, da mata, da samari, har su yarda cewa ginin ƙasa ba tambarin talauci ba ne. Kowa dai ya san wahalar yaɓe duk shekara, don haka ba za a ga laifin mai gudunsa ba, kuma matsattsen tubali ya rage wannan wahala sosai.

Ita ce kuma ta zana kasuwar Dandaji, mai runfunan ƙarfe kala-kala. Tun 2022 farfesa ce a jami'ar ETH da ke Zurich, a Suwizalan, inda take koyar da gine-ginen gado.