Mai, Gas da Ruwa a Bututu Ɗaya: Yadda Kwamfuta Ke Leƙa Ƙasan Teku

Masu noman rani a bakin kogin Wudil sun san halin tiyo. Muddin bakinsa na nutse sosai, injin ban-ruwa zai yi ta gurnaninsa, ruwa na fita sumul. Da zarar kogi ya ja baya bakin ya fara shaƙar iska, sai tiyo ya kama zillo, ya yi tari, ya feso guntun ruwa da ƙarfi, ya yi shiru, ya sake fesowa. Manomi zai ce inji ya ja iska, ya gangara ya ƙara nutsar da bakin, magana ta ƙare. Abin da ya faru kuwa shi ne ruwa da iska sun shiga hanya ɗaya, kowanne da nauyinsa da saurinsa, sun kuma ƙi jerawa. Wannan gudu na gauraye yana cikin abubuwan da suka fi ba injiniyoyi wahalar lissafi, kuma inda ya fi cin kuɗi shi ne ƙasan teku, inda ba mai iya gangarawa ya gyara da hannu.

Kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja-Delta akwai filin mai na Bonga, wanda kamfanin Shell ya fara ɗibar mai daga gare shi a watan Nuwamba na 2005. Zurfin ruwa a wurin ya haura mita 1,000. Bakunan rijiyoyin suna can ƙasa, bututai sun kwanta a kan laka sun haɗa su, sannan su miƙe su hau zuwa wani ƙaton jirgi da aka ɗaure wuri ɗaya, mai iya sarrafa ganga 225,000 a rana. Agbami na Chevron da ya fara aiki a 2008, da Egina na Total da ya fara a ƙarshen 2018, duk sun fi Bonga zurfi. Kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata a Abuja, har da kason Wudil, wani ɓangarensa ta irin waɗannan bututai ya biyo.

Rijiya ba ta ba da mai zalla. Tana aiko da ɗanyen mai, da gas, da ruwan gishiri, wani lokaci har da yashi, kuma sai sun isa jirgi ake raba su. Tun daga bakin rijiya har can, tafiyar kilomita da yawa, a cakuɗe suke. Cakuɗar ma ba ta tsayawa yadda take, domin a ƙarƙashin ƙasa gas ɗin narke yake cikin mai saboda tsananin matsi; yayin da matsin ke raguwa a hanya sai ya riƙa ɓallewa yana kumbura. Abin da ya shiga bututu kusan duk mai ne, amma kafin ya kai sama gas ya cinye mafi yawan wurin.

Idan gudun a hankali yake, mai da ruwa su kwanta a ƙasan bututu, gas ya bi ta samansu. Idan gas ya yi yawa ya kuma yi sauri, sai ya bi tsakiya ya manna mai a jikin ƙarfe. A tsakanin waɗannan biyun ne fitina take, inda mai ke tashi ya cika bututu ya zama curi, curi na bin curi, gas a tsakaninsu. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a gindin bututun da ke hawa zuwa jirgi, musamman idan hanyar ta ɗan gangara kafin ta miƙe. Mai ya taru a wannan lungu ya toshe wa gas hanya. Yana ta taruwa yana hawa, nauyinsa na ƙaruwa, gas kuma a baya yana ta cika yana tara ƙarfi. A saman jirgi ma'aikata sai su ga kamar rijiya ta ɗauke. Can sai gas ya rinjaya, ya tunkuɗo man da ya cika bututu mai tsawon kilomita guda a tashi ɗaya, tankin rabawa ya nemi cika ya batse, gas ya biyo baya da ƙarfi, sannan komai ya lafa, tarawa ta sake somawa. Irin wannan na iya sa na'urorin tsaro su rufe aikin gaba ɗaya.

Rufe aiki kuwa shi ke buɗe ƙofar babbar matsala, wato sanyi. Mai yana fitowa daga rijiya da zafi, sau da yawa sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas. Ruwan da ke kewaye da bututun a wannan zurfi kuma yana wajen digiri 4, rani da damina, ko da a tekun da ke daf da tsakiyar duniya. Ɗanyen mai yana ɗauke da kaki a narke, kuma kamar yadda manja ke barci a kwalba da hunturu, haka kakin ke daskarewa a jikin ƙarfe mai sanyi, yana ƙuntata hanya kaɗan-kaɗan. Shi wannan da sauƙi: lokaci-lokaci ana tura wani dunƙule mai cika bututu ya bi ya kankare shi.

Wanda ake tsoro shi ne haidiret, ƙanƙarar gas. Inda ruwa da gas suka haɗu cikin sanyi da matsi mai ƙarfi, ƙwayoyin ruwa kan yi wa ƙwayar gas keji su daskare da ita, ba tare da sanyin ya kai na ƙanƙarar da muka sani ba. A digiri 4, matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 40 ya isa gas ɗin metan ya yi haka, bututun teku kuwa ya kan wuce nan nesa. Tun 1934 wani masani a Amurka mai suna Hammerschmidt ya nuna cewa ita ce ke toshe bututan gas. Duniya ta ga aikinta a watan Mayun 2010 a Tekun Meziko, bayan fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, lokacin da aka saukar da wani ƙaton murfi don tare man da ke malala a zurfin kusan mita 1,500, ƙanƙarar ta cika shi ta toshe, aka ajiye shi gefe. Idan ta toshe bututu, narkar da ita na iya cin kwanaki ko makonni, kuma da haɗari: a rage matsi ta gefe ɗaya kawai, toshiyar ta ɓalle ta harba da gudun da zai iya fasa ƙarfe a kwana.

Don haka tambayar da ke gaban mai tsara bututu ita ce: idan aiki ya tsaya, awa nawa muke da ita kafin wuri mafi sanyi ya shiga hannun haidiret? Amsar ce ke yanke kaurin rigar da za a yi wa bututun, ko a sa bututu cikin bututu da abin tare zafi a tsakani, da yawan sinadarin metanol da za a ajiye a jirgi don zubawa a hana daskarewar, da lokacin da za a kori man rijiya a maye gurbinsa da wanda aka riga aka cire wa gas da ruwa. Yawanci abin awowi ne, ba kwanaki ba. Kuma dole a san amsar tun ba a sayi ƙarfe ba, domin bututun da aka shimfiɗa a zurfin mita dubu ba a ɗauko shi a ƙara masa riga.

Ga yadda kwamfuta ke yin aikin. Ana ba ta taswirar hanyar bututun da kowane tudu da kwari, da faɗinsa da kaurin rigarsa, da zafin teku daga ƙasa har sama, da jadawalin halin man da aka auna a ɗakin gwaji. Sai ta yanka bututun gaɓa-gaɓa a lissafi. A kowace gaɓa tana riƙe da ƙa'idoji uku: abin da ya shiga, ko ya fita ko yana ciki, gudu ba ya canzawa sai wani ƙarfi ya tura ko ya ja, zafi ba ya ɓacewa, sai dai ya koma wani wuri. Ta lissafa wa mai, ta lissafa wa gas, ta lissafa wa ruwa, ta matsa gaba da ɗan ƙanƙanin lokaci, ta sake, sau dubbai. Injiniya na iya rufe rijiya a allo ya zauna ya kalli zafi na sauka gaɓa bayan gaɓa.

Ƙa'idojin nan tsofaffi ne, tun aikin Navier a 1822 da na Stokes a 1845, kuma ba a shakkarsu. Gizo yana saƙa ne a wani wurin. Lissafin yana buƙatar sanin irin jan da gas ke yi wa fuskar mai, da yawan ɗigon da yake tsinkewa ya tafi da shi, da lokacin da igiya za ta tashi ta zama curi. Waɗannan ba a fitar da su daga ƙa'ida; gwaji ake yi a auna. Sanannen aikin Beggs da Brill na 1973 a Jami'ar Tulsa, wanda har yau ake koyarwa, da iska da ruwa aka yi shi, cikin bututun roba garai-garai mai faɗin inci ɗaya da inci ɗaya da rabi. Tsakanin wannan da bututun teku mai ɗauke da mai da gas cikin matsi akwai tafiya. Mutanen Nowe, da suka so kawo mai da gas daga Tekun Arewa, sun gane haka. Wajen 1980 suka fara rubuta manhajar OLGA a cibiyar binciken makamashi da ke Kjeller, aka kuma gina katafaren wurin gwaji a Tiller kusa da Trondheim, da bututu mai inci 8 da hasumiya mai kimanin mita 50, wanda ya ciyar da manhajar da awo na gaske. Amfanin ya fito fili a 2007, lokacin da filin Snøhvit na ƙasarsu ya fara aika gas da ruwansa a cakuɗe ta bututu mai kilomita 143 har tudu, babu dandali ko ɗaya a saman teku.

Akwai wani salon lissafin da ke yanka cikin bututu zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, ya zana gudu da launuka masu ɗaukar ido. Yana da amfani wajen duba kwana ɗaya ko mahaɗa ɗaya, amma ba ya iya ɗaukar kilomita goma. Manhaja irin OpenFOAM, mai yin wannan aiki, kyauta ce, ɗalibin injiniyanci a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil na iya sauke ta ya fara aiki bai taɓa ganin teku ba. A ganina, abin da ya fi cancanta malaminsa ya tambaye shi ba kyawun hoton ba ne, a'a, da wane awo ya gwada shi. Kwamfuta ba ta jin kunyar ba da amsar banza da lambobi shida bayan ɗigo.

A tudu akan guje wa wahalar tun daga tushe. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, an tsara shi ne don gas da aka riga aka tsane, aka cire masa ruwa da mai, shi ya sa lissafinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A ƙasan teku kuwa abin da rijiya ta bayar shi ake ɗauka, rijiya kuma tana tsufa. Matsinta na raguwa, ruwan da ke biyo mai na ƙaruwa har ya iya fin man yawa, gudun ya yi sanyi, curin da babu shi a shekarar farko ya fara bayyana a ta goma. Saboda haka kamfanoni kan bar manhaja irin OLGA tana aiki kafaɗa da kafaɗa da bututun, tana karɓar awon matsi da zafi daga na'urorin da ke ƙasa, ana yi mata gyara duk sanda lissafinta da awon suka saɓa.