Zaɓen Mai Domin Injin Ƙaramin Jirgin Nitso

Duk nitson mita 10 a cikin teku, matsin ruwa yana ƙaruwa gwargwadon matsin iskar da ke bisa doron ƙasa. Saboda haka akan cika gidan injin lantarkin da ke juya farfela da mai, a haɗa shi da jakar roba, domin matsin ciki ya yi daidai da na waje, ruwa ya rasa hanyar shiga.

Wajibi ne man ya zama tsinkakke, wanda lantarki ba ya ratsa shi, kuma ba ya cin roba, kamar man taransifoma. Mai mai kauri yakan danne injin, batir ya ƙare jirgi yana ƙarƙashin ruwa. A fitar da iska sarai kafin a rufe. Idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan, sai a canza shi.