Darajar Tsohon Ɗan Wasa Mai Jiran Ko-ta-kwana

Kwanan baya mun yada zango a Bauranya, cikin ƙasar Kankiya da Kusada, muka tarar da waɗansu malamai a gindin inuwa suna ta gardama a kan wani wasa da ake yi a cikin waya. Ana ba mutum fam miliyan 100 na ƙarya, ya zaɓi 'yan ƙwallo 15 daga gasar Firimiya ta Ingila, biyu daga cikinsu masu tsaron gida. Abin da ya raba su shi ne mai tsaron gida na biyu, wanda yawanci a benci yake wuni. Wani ya ce a sayi mafi araha a huta. Wani ya ce a nemi tsohon hannu. Muka ce musu ai wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina, gama masu ƙwallon dawaki, watau folo, sun daɗe suna yinsa, kuma da dawaki na gaske.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, shi ya kafa wannan wasa a Katsina, ya hora 'ya'yansa a kai. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya ƙware har ya kai maki 7. Wanda bai san folo ba zai ce bakwai kaɗan ne. To, awon yana farawa daga 2 ƙasa da sifiri, ya tsaya a 10, kuma mafi yawan masu wasa har su bar sirdi ba su wuce 2 ba.

Ga inda maganar take. Kowace ƙungiya mutum 4 ne, ana tara makinsu, kuma kowace gasa tana da iyakar da ba a tsallakewa. A ce iyakar 8 ce, ƙungiya ta fito da mai 4, da mai 2, da masu 1 su biyu. Ana cikin wasa sai na huɗu, mai tsare baya, ya faɗi ya gurɗe hannu. Ga wani saurayi mai maki 3 a gefen fili, jini na tafasa, amma ba dama ya shiga, domin jimla za ta zama 10. Wanda ake bukata mai maki 1 ne.

To, masu maki 1 iri biyu ne. Akwai yaron da ya hau daga sifiri bara. Akwai kuma dattijon da a zamaninsa ya riƙe 4, shekaru suka ja, masu awo suka yi ta rage masa har ya sauko 1. A takarda darajarsu ɗaya. A fili kuwa akwai rata mai nisa, gama ƙarfin damtsen dattijon aka rage, ba a rage abin da ke cikin kansa ba. Ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba. Ya san dokar hanyar ƙwallo, ba ya gitta wa wanda ke da ikon binta, balle ya jawo wa ƙungiyarsa bugun hukunci a bakin gida. Yaro kuwa da ya ga ƙwallo sai ya saki linzami ya bi ta, ya bar baya a buɗe. Aikin na huɗu tsaro ne da mayar da ƙwallo ta baya, kuma a ganinmu ba wurin da haƙuri ya fi sauri amfani kamar nan.

Amma kada mu yi wa dattijo kirarin da ya fi shi. Zagaye ɗaya minti 7 ne na sukuwa, a filin da tsawonsa yadi 300 ne, kuma wanda ya yi wata uku bai hau ba, a zagaye na biyu numfashinsa zai tona shi. Har wa yau ajiye shi ba kyauta ba ne. Ana sauya doki bayan kowane zagaye, saboda haka sai an tanadar masa nasa, su ci dawa da harawa, su sha kanwa, a biya yaron barga, ko da gasa ta ƙare bai taɓa sanda ba. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san irin wannan layi ne ake fara sokewa idan aljihu ya yi sanyi.

Duk da haka mu dai muna bayan a ajiye shi, da sharaɗin ya riƙa hawa tare da samari ran motsa dawaki. A nan ne yake biyan kuɗin harawarsa, yana gyara wa wannan riƙon sanda, yana nuna wa wancan dokin da ya fara ɗingishi.

Da muka kai nan, wani malami ya ce ai a wasansu na waya ba a ba da maki don koyar da yara, sai wanda ya shiga fili. Muka ce gaskiyarsa, a can ya sayi mai araha, muddin ya tabbata ana sa shi wasa idan na farko ya ji ciwo.