Ragar Fuskar Lasifika

Raga ita ce ke kare takardar lasifika, wadda ke kaɗawa ta fitar da sauti. A Matamaye, inda ake ɗaukar akwatunan sauti zuwa wuraren biki da wa'azi, ragar ƙarfe ta fi yadi amfani, don karo ɗaya kan yaga takardar. Mai walda yakan yanka ragar daidai bakin akwatin, ya lanƙwasa gefuna, ya shafa fenti saboda tsatsa. Ana ɗaure ta da sukurori, a sa guntun roba tsakaninta da katako don kada ta riƙa karkarwa. Ana kuma barin tazara, kada takardar ta taɓa ta. Ƙurar hunturu kuwa, siririn yadi a bayan ragar ke rage ta.