Gizo-gizo mai tsalle: hoton da ke jiran ka a bangon gida a Zangon Kumasi

A Kumasi, inda Asantawa ke ba da labarin Ananse, Hausawan Zango kuma suke tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, akwai wani ɗan gizo-gizo da ake wucewa kullum ba a kula da shi. Shi ne mai tsalle, wanda ke fitowa da hantsi a jikin bango ko taga. Yawanci bai kai ƙwayar wake ba, amma masu sha'awar ɗaukar hoton ƙananan halittu a faɗin duniya suna rububinsa.

Dalili shi ne idanunsa. Yana da ido takwas, biyu na gaba manya ne, kuma da su yake gani tar. Idan ka matso, maimakon ya gudu, sau da yawa sai ya juyo ya zuba maka ido. Wannan kallon ake so a kama.

Danginsa, da masana ke kira Salticidae, sun haura nau'i 6,000. Ba ya saƙa yana don kama abinci. Sanɗa yake yi wa ƙuda ko sauro, sannan ya daka tsalle, yana riƙe da zare ɗaya ko da zai faɗi. A yankin Tafkin Victoria, a Kenya da Uganda, akwai nau'in Evarcha culicivora da ya fi son sauron da ya sha jini.

Ba sai ka je dajin Bobiri ko lambun jami'ar KNUST ba. Nau'in Menemerus bivittatus, mai ruwan toka, a bangon gidajen ƙasashe masu zafi yake zama, don haka fara da tsakar gida a Aboabo ko Asawase. Wayar salula ta isa, in an maƙala mata ƙaramin gilashi mai ƙara girma. Fita da safe, kafin rana ta yi ƙarfi. Jingina hannunka da bango don kada ya yi rawa, ka matsa a hankali, ka saita hoton a kan manyan idanun. Daga kusa haka, wuri kaɗan ne ke fitowa sarai, saboda haka ɗauki da yawa ka zaɓi ɗaya.

Cizonsa ba ya da haɗari ga mutum. Idan yara suka gan shi a bango, a miƙa musu waya maimakon takalmi.