Kutsen XSS a Shafukan Sarrafa Na'urorin Sadarwa

Kusan kowace na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna ko da intanet, tun daga ƙaramar MiFi da ake sakawa a aljihu har zuwa manyan rautoci da katangun tsaro na bankuna da jami'o'i, tana ɗauke da wani shafi a cikinta wanda mai kula da ita yake buɗewa da burauza, wato manhajar leƙa shafukan intanet irin su Chrome da Firefox. Ana isa ga shafin ne da rubuta adireshi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma duk wanda ya shiga cikinsa a matsayin mai gudanarwa yana da ikon canza kalmar sirri, da buɗe ƙofa ga baƙi, da karkatar da bayanan duk mutanen da ke kan layin zuwa inda ya ga dama. Saboda girman wannan iko ne aibin da masana ke kira XSS ya fi muni a irin waɗannan shafuka fiye da sauran wurare, ko da yake an daɗe ana yi masa kallon ƙaramar matsala.

Tushen aibin yana cikin yadda burauza ke karanta shafi. Abin da na'ura ke aiko mata rubutu ne a harshen HTML, wanda a cikinsa ake cakuɗa kalmomin da za a nuna wa mai karatu da umarnin da burauza za ta zartar, galibi a harshen JavaScript da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Wasu 'yan alamomi, musamman < da >, su ne ke rarrabe umarni da kalma. Idan na'ura ta karɓi rubutu daga waje ta liƙa shi a shafinta ba tare da ta kashe ƙarfin waɗannan alamomi ba, to baƙo zai iya rubuta umarni a inda ake jiran suna, burauza kuwa ta zartar da shi. Abin da ya sa take zartarwa babu tambaya shi ne wata tsohuwar ƙa'ida da ke cewa duk umarnin da ya fito daga adireshi ɗaya da shafin yana da haƙƙin taɓa duk abin da ke cikin shafin, kamar takardar jabu da aka cusa cikin wasiƙun fada ta fito da hatimin sarki, dogarai kuma suka aiwatar da ita. Tun a watan Fabrairun 2000 cibiyar CERT ta jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan, a 2005 kuma tsutsar kwamfuta mai suna Samy ta bi ta wannan hanya ta kama asusu sama da miliyan ɗaya a MySpace cikin ƙasa da kwana guda.

Nau'i biyu ne suka fi yawa. A na farko, ana ɓoye umarnin a cikin adireshin da za a aika wa mai gudanarwa ta imel ko saƙon waya, yana latsawa sai na'urar ta mayar masa da shi a cikin shafinta. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne wanda na'urar ke adana umarnin ta jira ranar da za a buɗe shafin, kuma a nan ne na'urorin sadarwa suka bambanta da shafukan kasuwanci, domin su aikinsu ke nan su saurari duk abin da ke magana a kan layi su rubuta. Wayar da ta hau Wi-Fi na ofis tana faɗa wa rauta sunanta a lokacin da take neman adireshi, rautar kuma ta sa sunan a jerin waɗanda suka hau. Mai kutse yana iya sa wa wayarsa umarni a matsayin suna. Da mai gudanarwa ya buɗe jerin, abin da zai gani bai wuce wani gurbi da ba a rubuta komai a cikinsa ba, alhali a bayan fage burauzarsa ta riga ta aika wa rautar buƙatar ƙirƙirar sabon asusu, ko ta canza adireshin DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta ke bi, ta yadda mai neman shafin bankinsa zai faɗa shafin bogi.

Ba hasashe ba ne wannan. A taron Black Hat na Turai a 2013, mai bincike Deral Heiland ya nuna cewa sunan Wi-Fi kansa, duk da bai wuce baiti 32 ba, ya isa ya ɗauki gajeren umarnin da zai kira babba daga wani wuri, sai ya kama na'urar da ke leƙa maƙwabtanta tana jera sunayensu. Daga baya shi da Matthew Kienow suka juya ga manhajojin da ke sa ido a kan dukan na'urorin ma'aikata ta hanyar SNMP, ƙa'idar da na'ura ke bi wajen bayyana sunanta da wurin da take, kuma a rahoton da kamfanin Rapid7 ya fitar a 2016 an lissafa aibobi 13 a kayan kamfanoni 9, cikinsu har da Spiceworks da Ipswitch da Paessler. Na'urar bogi guda da aka jona a kan layi ta wadatar, domin manhajar sa idon ce da kanta za ta je ta tambaye ta sunanta.

Daga nan ake gane kuskuren masu ganin cewa shafin da ba ya fuskantar intanet yana cikin aminci. Mai kutse ba ya buƙatar ya tsallaka katangar tsaro ko ya san kalmar sirri, tunda burauzar mai gudanarwa tana ciki kuma ta riga ta shiga. Duk da haka, ma'aunin CVSS da ake auna tsananin aibi da shi daga 0 zuwa 10 yakan bai wa XSS na nau'in farko maki 6.1, wato matsakaici, kuma ma'aikatu da yawa sukan jinkirta gyaran abin da bai kai mataki na sama ba. Aibin da aka yi wa lamba CVE-2014-2120, a shafin shiga VPN na katangar tsaro ta Cisco ASA, an bayyana shi a 2014, amma a ƙarshen 2024 kamfanin ya sake gargaɗin cewa ana ƙoƙarin cin gajiyarsa, shekara goma bayan sanar da shi. A shekarar 2024 ɗin ce kuma cibiyar MITRE ta sa XSS a matsayi na ɗaya cikin jerin aibobin manhaja 25 mafi haɗari.

Mafi yawan alhakin yana wuyan masu ƙera na'urorin, domin maganin sananne ne kuma ba shi da tsada: duk rubutun da ya zo daga waje, ko daga mutum ko daga wata na'ura, a sauya alamominsa zuwa siffar da burauza za ta nuna kawai kafin a sa shi a shafi, sannan a ƙara da dokar CSP wadda ke iyakance wuraren da shafi zai karɓi umarni daga gare su. A watan Satumban 2024 hukumomin CISA da FBI na Amurka suka yi kira ga shugabannin kamfanonin manhaja da su kawar da wannan rukunin aibi gaba ɗaya, kafin nan kuma, a watan Yunin 2023, CISA ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar da su cire shafukan sarrafawa daga intanet ko su killace su cikin kwana 14 da gano su.

Abin da ya rage ga mai kula da rautar gida ko ta makaranta ko ta shago shi ne ya riƙa sabunta manhajar cikinta, ya kashe damar sarrafa ta daga nesa idan ba ya buƙata, ya fita daga shafin da zarar ya gama aiki, kuma kada ya buɗe imel ko wasu shafuka a burauzar da yake sarrafa na'urar da ita. Na'urar da kamfaninta ya daina fitar mata da gyara kuwa, canza ta ya fi a ci gaba da dogaro da ita.