Masu neman kansila sun zo kan tabarmarmu: ga abin da suka ce kan gona, burtali da icce

Ranar 13 ga Disamba 2020 ne aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi. Kansilolin da ke bisa kujera kafin zaɓen tun 2011 suke nan, kusan shekara goma ke nan a lokacin. 

A ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara mun yanke shawara a 2020 ba za mu tsaya ga guɗa da karɓar sabulu ba. Mun aika wa jam'iyyu uku da ke da ƙarfi a komin ɗinmu a lokacin cewa kowace ta turo mutum guda daga jerin ƴan takararta, ya zo ranar zubi ya zauna da mu. Duka ukun sun zo, ba rana ɗaya ba. Ba zan faɗi sunan kowa ko jam'iyyarsa ba, don cikinmu akwai ƴan kowane ɓangare, kuma asusu ba ya son rigimar siyasa.

Me ya haɗa kansila da gona? A zaɓen 2020 jerin jam'iyya muka jefa wa ƙuri'a, kansilolin da suka ci su ne suka zaɓi magajin gari a cikinsu. A lokacin magajin gari kuwa shi ne shugaban kwamitin ƙasa na komin, wanda ake kira COFOCOM. A ƙauye akwai ƙaraminsa, COFOB, mai gari ke shugabanta, kuma akwai kujerar mata a ciki. Wannan tsari ya fito daga dokar karkara ta 1993, wato Code Rural. Ta nan ake samun takardar shaidar gona: ta gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya ko ta jingina.

Tambayarmu ta fari a kan garkarmu ce. Shekara shida muna noman rani a wani fili da wani dattijo ya ara mana da baki, ba rubutu. Da kuɗin asusu muka gina rijiya, muka yi shinge, muka dasa zogale. Dattijon ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi, yanzu magada suna maganar sayarwa. Ban ga laifinsu ba sosai, gonar ubansu ce. Amma rijiya ba a ɗaukar ta a ka a tafi da ita.

Na farko ya ce in sun ci zai kira magadan ya roƙe su. Mun gode, amma roƙo ba takarda ba ne. Na biyu, wanda ya taɓa zama kansila, ya san aikin: ya ce a je COFOB a rubuta yarjejeniyar aro ko haya mai adadin shekaru, da shaidu, ya kuma ce zai nemi komin ta ware fili da sunan ƙungiyoyin mata. Sai wata tsohuwa cikinmu ta tambaye shi me ya hana a yi haka duk shekarun da ya yi bisa kujera. Ya ce ba kuɗin aiki. Wataƙila gaskiya ne, don COFOB ɗin ƙauyenmu ko littafin rajista sai da aka yi karo-karo. Ta ukun mace ce, sabuwar shiga. Ba ta san sunayen takardun ba, ta faɗa da bakinta, amma ita kaɗai ta ɗauko maganar gado ba tare da mun tambaya ba: addini ya ba ɗiya mace rabin rabon namiji, amma in an zo kan gona sai a ce ai tana gidan miji. Nan fa taro ya kaure, kowa da labarinta. Da yawa cikin ƴan matanmu na yanzu ko gamana ba su samu ba, gandun gidan ma ya ƙanƙance.

Na tambaye ta ita ce ta nawa a jerin jam'iyyarta. Dokar kaso da aka gyara a 2019 ta ce mata su samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe. Ku ma ku yi wannan tambaya, ku kuma tambaya ko za a bar ta ta yi magana in ta shiga.

Sai burtali. Duk wadda ta girma a jihar Maraɗi ta ji labarin Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, galibi mata da yara. Dokar kiwo ta 2010 ta hana a mallake burtali, makiyaya da mashaya, na kowa ne. Amma ku je ku duba: wajen da garke ke wucewa a da, yau da ƙyar amalanke zai bi, an shuka hatsi har tsakiya. Na farko ya yi ta zagin makiyaya don ya ga mafi yawanmu matan manoma ne. Bai san cikin ƙungiyar akwai Fulani mata huɗu masu zubi da kuɗin nono ba, kuma kusan kowace cikinmu tana da akuya ko tunkiya da ta saya da bashin asusu. Na biyu ya yi maganar kafa duwatsun iyaka da sanar da ranar sakin gonaki a rediyo tun da wuri. Wannan ta fi shiga kunnena.

Kan icce duka ukun bakinsu ɗaya: za su dasa itatuwa. Kowace 3 ga Agusta ana dasawa, a ɗauki hoto, awaki su cinye. Abin da ya maido mana da gawo da kalgo da sabara shi ne sassaben zamani, barin toho a gona a rene shi, aikin da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980 har ya kai wajen hekta miliyan 5 a ƙasar nan. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin mai renon icce a gonarsa. Ko ɗaya cikin ukun bai ambace ta ba. Mu kuwa damuwarmu ɓarayin dare masu sare abin da aka rena, da tsoron tarar ma'aikatan gandun daji in mace ta datse reshe. Matan Gulbin Kaba masu saƙar tabarma, ku tambaye su batun goriba.

Ƴan uwanmu na birni, taku tambayar ita ce yankan filaye. Ambaliyar daminar 2020 ta rusa gidaje a Yamai da Maraɗi, kuma kun san unguwannin da aka yanka bisa hanyar ruwa. Wa ya sa hannu? Dajin da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 shi ma gine-gine sun ci wani ɓangarensa. Dokar hana leda tana nan tun 2014, ledar kuma tana nan cike da magudanai da cikin dabbobinmu. Kwasar shara aikin meri ne, harajin kasuwa kuwa mu ke biya.

Sakatariyarmu ta rubuta abin da kowane ya ce a bayan littafin zubi, an karanta masa, biyu sun sa hannu, ɗaya ya ce yana sauri. Maganar garka kuma ba mu jira zaɓe ba: mun tura mata uku wajen mai gari, ya ce mu dawo da babban ɗan marigayin ranar kasuwa mai zuwa.